Kala a Gonar Wani: Me Zanen Manoma Yake Faɗa Game da Mai Gona da Mai Duƙawa?

Me zai sa hoton mata uku da suka duƙa suna tsintar zangarniyar alkama ya sa attajiran birnin Paris su fara zancen tawaye da fille kawuna? Wannan tambaya ta daɗe tana bin wani zane da mai zanen Faransa Jean-François Millet ya baje a 1857, kuma amsarta ta shafi yawancin zane-zanen ƙauye da ke yawo a wayoyinmu yau. Kowa ya taɓa cin karo da irinsu a Facebook ko a jikin kalanda: gona ta yi kyau, rana na shirin faɗuwa, manomi da matarsa sun tsaya cikin natsuwa, a ƙasa an rubuta cewa mutanen da sun fi mu kwanciyar hankali.

Ko a watan Yulin 2022, da wasu matasa biyu masu fafutukar kare muhalli suka shiga babban gidan zane na Landan suka manna hannayensu a jikin katakon wani shahararren zanen John Constable, mai zanen ƙauyukan Ingila, sai da suka fara lulluɓe shi da hoton ƙasar da ta lalace, don su nuna abin da ake shirin rasawa. Wato su ma sun yarda cewa ƙauyen Ingila na 1821 da ke cikin zanen wurin jin daɗi ne. Da leburan da suka yi yankan ciyawa a wannan ƙauye za su ji haka, da sun riƙe baki.

Kuskuren da ake yi shi ne ɗaukar zane tamkar hoton kyamara, wanda ya kama abin da ke gabansa kawai. Alhali kowane zane akwai wanda ya biya kuɗinsa, akwai bangon da aka yi niyyar rataya shi, kuma da wuya ka samu wanda manomi ne ya saye shi.

Wane irin zane ake nufi?

Maganar da ake yi a nan ta zanen fenti ce, wanda ake kwaɓa launi da mai a shafa da buroshi a kan kyalle mai kauri, ko katako, ko bango. Aiki ne mai cin watanni, wani lokaci shekaru, kuma kayansa na da tsada. Shuɗin launi mafi daraja a Turai, alal misali, daga wani dutse ake niƙa shi wanda ake haƙowa a tsaunukan Afghanistan. Saboda haka mai zane ba ya fara babban aiki sai ya san wanda zai saya: sarki, ko coci, ko attajiri.

A Faransa har matakai aka yi wa zanen kansa. A 1667 wani masani mai suna André Félibien ya tsara wa makarantar zane ta sarki jerin daraja, wanda aka bi kusan shekara 200. A sama akwai zanen tarihi da addini: yaƙe-yaƙe, sarakuna, waliyyai. Sai hoton manyan mutane. Zanen rayuwar yau da kullum, da na daji da gona, da na dabbobi da kayan marmari, duk suna ƙasa. Girman kyalle ma yana bin wannan tsari. Janar ko waliyyi yana da damar cika bango, manomi kuwa sai dai ya fito ɗan ƙarami a ƙaramin allo, galibi yana barci, ko rawa, ko ya bugu, don mutanen birni su kalla su yi dariya.

Akwai kuma babban baje kolin gwamnati na Paris da ake kira Salon. Alƙalai ne ke zaɓar abin da zai shiga, dubban mutane su zo kallo, jaridu su yi ta sharhi. Wanda ya samu karɓuwa a nan ya haye, wanda aka yi wa ature kuwa sai ya nemi abin da zai ci.

Wa ya biya mai zanen?

Tsohon misali a nahiyarmu yake. A yammacin kogin Nilu, daura da Luxor, akwai kabarin wani jami'in Fir'auna mai suna Menna, wanda ya rayu kimanin shekara 3,400 da suka wuce. Aikinsa shi ne marubucin gonaki, wato mai awon gona da ƙiyasta haraji. Bangon kabarin cike yake da manoma: masu huɗa, masu girbi da lauje, masu sheƙa. Ga ma'aikata sun ja igiya suna auna gona, ga marubuta a zaune suna rubuta yawan hatsi, ga wani an kwantar da shi ana bugu. A wani lungu ma 'yan mata biyu masu kala sun kama gashin juna suna faɗa a kan abin da suka tsinta. Menna kuwa an zana shi ya ninka kowa girma, yana zaune a inuwa yana kallo. A zanen Masar ta da, girman jiki shi ne girman muƙami, ba a ɓoye wannan ba.

Haka abin ya ci gaba ta wasu sigogi. Tsakanin 1411 da 1416 wasu 'yan'uwa uku, 'yan gidan Limbourg, suka ƙawata wa Jean, basaraken Berry kuma ɗan sarkin Faransa, littafin addu'o'insa da zanen watanni goma sha biyu. A watan Maris manomi na huɗa da shanu, a Yuni mata na tara ciyawa ba takalmi, a Oktoba ana shuka. A bayan kusan kowane ɗaya, wani ƙaton gidan sarauta ne ya tokare sama. A Janairu basaraken ne da kansa a bakin teburi cike da abinci, a Fabrairu kuma talakawa ne a bukka sun ɗage riguna suna jin ɗumi. Mutumin nan ya yi ƙaurin suna wajen tsawwala haraji. In ya buɗe littafinsa, abin da yake gani shi ne duniya a kan tsarinta: su suna duƙe, shi yana da katanga.

Ko Pieter Bruegel, wanda ake yabo da cewa ya zana manoma da mutunci, zanensa na masu girbi na 1565 wani attajirin birnin Antwerp ne, Niclaes Jonghelinck, ya sa aka yi don gidansa. Bruegel ya iya kallo, wannan ba musu. Mutumin da ya zana ya baje a gindin bishiya baki buɗe, gajiya ta kayar da shi, duk wanda ya taɓa yini a gona zai gane shi. Amma ɗan kasuwa ne ke kallonsa daga cikin ɗaki.

Gonar da aka gyara ba kowa a cikinta

Turawan Ingila sun bi wata hanyar. Wajen 1750 Thomas Gainsborough ya zana wani matashin mai ƙasa, Robert Andrews, da amaryarsa Frances, a kan iyakar yankin Suffolk. Shi yana tsaye da bindiga a hammata, kare a ƙafarsa, ita tana zaune a benci cikin shuɗiyar riga mai faɗi. Fiye da rabin kyallen gonarsu ce: alkama a jere layi-layi, an girbe an ɗaure dami an jingina, tumaki a cikin shinge. Wanda ya yi girbin fa? Babu shi. Dammunan kamar su suka ɗaure kansu.

Lokacin ne kuma majalisar Ingila ke ta zartar da dubban dokoki na killace filayen da mutanen ƙauye ke kiwo da itace a cikinsu tun kaka da kakanni, suna komawa hannun manyan masu ƙasa. A wannan yanki na Suffolk ɗin dai, wani mai gona ya kai ƙarar wata mata mai suna Mary Houghton saboda ta shiga gonarsa yin kala, kuma a 1788 kotu ta yanke cewa talaka ba shi da haƙƙin kala a doka sai da yardar mai gona. Ga gidan lebura, abin da mace da yara ke tsintowa bayan girbi shi ne burodin watannin sanyi.

Constable ma ɗan Suffolk ne, kuma mahaifinsa attajirin hatsi ne mai injinan niƙa a bakin kogin da ke cikin zanen nan na 1821. A gaba keken doki ne a cikin ruwa, ga gida, ga bishiyoyi, ga gajimare. Masu yankan ciyawa suna can nesa, ɗigo-ɗigo, sai ka matsa sosai za ka gan su. Shekara biyar kafin zanen, leburorin gabashin Ingila sun yi bore saboda yunwa. Shekara ɗaya bayansa suka fara farfasa injinan sussuka suna cinna wa tarin hatsi wuta. Constable bai yi ƙarya ba, kogin da bishiyoyin duk suna nan har yau. Ya dai zaɓi inda zai tsaya, da nisan da zai ajiye lebura.

Abin da ke cikin zanen Millet

Zanen masu kala bai kai mita ɗaya a tsaye ba, faɗinsa kuma ya ɗan haura mita. Mata uku sun cika gabansa. Biyu sun duƙa har hannu ya taɓa ƙasa, ɗaya daga cikinsu ta maida ɗayan hannun bayanta tana riƙe da 'yan zangarniyoyin da ta samu, irin yadda mai ciwon ƙugu ke yi. Ta ukun ta ɗan ɗago amma ba ta miƙe ba, ta ba mu baya. Ɗankwalayensu sun rufe fuska, hannayensu sun yi kauri sun yi duhu, tufafinsu masu nauyi ne sun koɗe. Ƙasar da ke gabansu kusan fayau take, sai tushiyar kara da ɗai-ɗaikun zangarniya.

Can baya kuwa, cikin hasken rana mai ƙura, albarka ce ta sauka. Tarin alkama kamar tsaunuka, keke an loda shi ya cika, ma'aikata da yawa suna kai da kawowa, gine-ginen gidan gona a gefe. A dama akwai mutum a kan doki, wakilin mai gona, yana sa ido.

Dabarar da ta fi ƙarfi a zanen ita ce layin da ƙasa ta haɗu da sama. Millet ya ɗaga shi sosai, ta yadda babu kan mace ɗaya cikin ukun da ya kai sararin sama. Ƙasa ta haɗiye su gaba ɗaya. Tarin hatsi da gidajen gona ne kawai suka keta layin.

Mai karatu Bahaushe ba ya buƙatar a yi masa dogon bayanin aikin da suke yi. Duk wanda ya tashi a karkara ya ga mata da yara da tsofaffi sun shiga gona bayan an kwashe gyaɗa ko wake suna roro, kuma ya san ba matan mai gonar ba ne. A Faransa tun 1554 wata dokar sarki ta halatta kala ga tsofaffi da marasa lafiya da yara da waɗanda ba su da ƙarfi, da sharaɗin sai an gama kwashe amfani, kuma tsakanin fitowar rana da faɗuwarta. Ke nan masu kala su ne ƙarshen layi a ƙauye, suna ƙasa da mai gona, ƙasa da mai haya, ƙasa ma da ɗan ƙwadagon da aka ɗauka girbi, don shi ko ba komai za a biya shi.

Me ya tsorata mutanen Paris?

Sai an koma 1848 za a gane. A watan Fabrairun shekarar jama'a suka tumɓuke Sarki Louis-Philippe. Sabuwar gwamnati ta ba kowane namiji baligi damar zaɓe, masu ƙuri'a suka tashi daga kimanin 250,000 zuwa sama da miliyan 9 a dare ɗaya. Kusan kashi uku cikin huɗu na Faransawa a karkara suke a lokacin, don haka manomin da ake yi wa dariya a zane ya wayi gari shi ne mai naɗa shugaba. A watan Yuni ma'aikatan Paris suka yi bore, soja suka kashe dubbai. A Disamban 1851, da Louis-Napoléon ya yi juyin mulki, dubun-dubatar mutanen ƙauyuka a kudu da tsakiyar ƙasar suka ɗauki makami. A bayan duk wannan kuma akwai tunanin 1793, shekarar da aka fille kan sarki.

A cikin wannan yanayi Gustave Courbet ya kawo zanensa na masu fasa dutse baje kolin 1850 zuwa 1851. Faɗinsa ya haura mita biyu da rabi, girman da aka saba ware wa janar-janar. Mutum biyu ne a bakin hanya. Tsoho ya durƙusa da guduma, wandonsa duk faci, safarsa ta yage a dunduniya. Yaro ya ɗauko kwandon tsakuwa da ya fi ƙarfinsa, rigarsa ta tsage a baya. A gefe tukunya ce da cokali. Ba a ganin fuskar ko ɗaya. Courbet ya rubuta wa wani abokinsa cewa a irin wannan aiki mutum da yaron yake farawa, da tsohon yake ƙarewa. Zanen ya ƙone a 1945 a kusa da Dresden lokacin ruwan bama-bamai, hotonsa kawai ya rage.

To da Millet ya zo da matansa uku, idon masu sharhi ya riga ya buɗe. Wani fitaccensu, Paul de Saint-Victor, ya yi musu ba'a cewa suna ji da kansu kamar wasu allolin talauci. Wani ya ce yana hango māsun 'yan tawaye da dandamalin fille kai na 1793 a bayansu. Alhali matan ba su ɗaga ko tsinke ba, ba su ma kalli mai dokin ba. Abin da ya dami masu kallo shi ne an sa talauci da wadata a kyalle ɗaya, a gona ɗaya, a rana ɗaya, an kuma ba talaucin gaba. Mai hankali in ya kalla dole ya yi lissafi da kansa.

Kala ɗaya, ido biyu

Shaidar cewa matsalar ba ta batun kala ba ce ta zo bayan shekara biyu. A 1859 Jules Breton ya baje nasa zanen na masu kala suna tashi da yamma. Matansa a miƙe suke, dogaye, kyawawa, suna tafe da dami cike a ka da kafaɗa, jinjirin wata ya fito. Ƙafafunsu ba takalmi, tufafinsu da 'yar yagewa, amma irin yagewar da ke ƙara wa hoto kyau. A gefe dogarin gona ya jingina da dutsen iyaka, ya haɗa hannu a baki yana kiran a tashi, su kuma suna bin umarni ba gardama.

Wannan zanen lambar yabo ya samu, kuma Napoléon na Uku, wato Louis-Napoléon ɗin nan wanda ya riga ya naɗa kansa sarki, shi ya saye shi. Dalilin a fili yake. Mulkinsa a kan ƙuri'un karkara ya tsaya, kuma Breton ya ba shi ƙauyen da yake so a gani: akwai talauci amma ba ya ciwo, akwai doka kuma ana bin ta, kowa ya koma gida da rabonsa. Yau duka zanen biyu suna gidan tarihi ɗaya a Paris, Orsay. A ganina wanda ya kalle su a jere ya gama karatun wannan fanni rabi.

Shin masu zanen 'yan gwagwarmaya ne?

A nan masana suka rabu. Wasu na cewa zanen Millet ƙara ce da aka shigar a kan zalunci. Wasu na cewa akasin haka ne: ya nuna wahala a matsayin ƙaddarar ɗan Adam tun fitowarsa daga Aljanna, abin da ba a canzawa, sai dai a yi haƙuri. Masu wannan ra'ayi suna da hujja. An haifi Millet a 1814 a wani ƙauyen Normandy, a gidan manoma masu gonar kansu, ya tashi da karatun Baibul, kuma ya sha musanta cewa shi ɗan gurguzu ne. Labarin Rut mai kala a gonar Bo'aza, da umarnin Attaura na a bar wa matalauci gefen gona, sun fi kusa da zuciyarsa fiye da takardun 'yan siyasa. Matansa ba su da fuska balle suna, kuma wanda ba shi da fuska ba ya iya neman haƙƙi.

Courbet kuwa ya rungumi siyasa da hannu biyu. Ya shiga gwamnatin 'yan tawayen Paris ta 1871, aka ɗaure shi wata shida, ya mutu yana gudun hijira a Suwizalan a 1877. Sai dai shi ɗan masu gonaki ne a Ornans, bai taɓa fasa dutse don ya ci abinci ba.

Akwai ra'ayi na uku, wanda ni na fi karkata gare shi: niyyar mai zane ba ita ke yanke hukunci ba, bangon da aka rataya zanen yana da nasa bakin. Dubi Ilya Repin na Rasha. Tsakanin 1870 da 1873, shekara goma kacal bayan an 'yanta manoman Rasha daga bautar gado a 1861, ya zana mutum goma sha ɗaya sun ɗaura igiya a ƙirji suna jan jirgi a gaɓar kogin Volga, aikin da ya kamaci dabba. Repin ya zauna da su, ya san sunayensu, ya ba kowa fuskarsa. A can nesa ya saka ɗan ƙaramin jirgi mai hayaƙi, alamar cewa akwai injin da zai yi aikin, mutum ne dai ya fi arha. Wa ya saye shi? Ɗan sarkin Rasha, Vladimir, ya kai shi fadarsa ya rataya a ɗakin wasa.

Yadda kuɗi suka lallashi zanen

Millet yana da 'ya'ya tara da bashi a wuya, ya sayar da zanen masu kala a kan faran 3,000, kuɗin Faransa na lokacin. Ya rasu a 1875. A 1889 aka sayar da zanen faran 300,000, ninki ɗari. Wadda ta saya ita ce Madam Pommery, mai babban kamfanin giyar shamfen, ta kuma bar wa ƙasa shi wasiyya, ya shiga gidan tarihi na Louvre kafin daga baya a mayar da shi Orsay. Wani zanen nasa, na miji da mata da suka tsaya addu'a a gonar dankali da jin ƙararrawar coci, wanda ya rabu da shi a kan kusan faran 1,000, an buga gwanjonsa a shekarar a kan faran 553,000, Faransawa da Amurkawa suna rige-rige. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ana yawan danganta wannan ciniki da dokar da Faransa ta kafa a 1920, wadda ta ba mai zane ko magadansa wani kaso duk lokacin da aka sake sayar da aikinsa a gwanjo. Matan da suka duƙa aka zana su kuwa, babu dokar da ta tuna da su.

Me ya canza cikin shekara talatin? Jirgin ƙasa ya ratsa karkara, matasa suna kwarara birni, injinan girbi sun fara shigowa. Wanda masu dukiya ke tsoro yanzu shi ne ma'aikacin masana'anta mai yajin aiki. Manomi ya koma abin kewa, alamar tsohuwar Faransa mai tsoron Allah da haƙuri. Aka shiga buga zane-zanen Millet a faranti da gwangwani da kalanda. Fenti bai canza ba ko ɗigo, masu kallo ne suka daina jin tsoro, kuma wannan fassarar mai sanyi ce ta iso wayoyinmu.

Idan hukuma ta karɓi buroshi

A ƙarni na 20 gwamnatoci suka gane amfanin abin sosai. A Tarayyar Sobiyet, bayan an tilasta wa manoma shiga gonakin haɗaka, yunwar 1932 zuwa 1933 ta kashe miliyoyi, musamman a Yukren da Kazakistan. A 1937 Arkady Plastov da Sergei Gerasimov kowannensu ya zana bikin gonar haɗaka: tebura sun cika da abinci, kowa na dariya. A nan manomi ya cika kyalle, ya miƙe, ya samu fuska, duk abin da aka hana shi a da. Mai gonar ne ya canza suna ya koma gwamnati, kuma bai yarda a zana mai kala ba. Hasali ma wata dokar Agustan 1932 ta sa an ɗaure mutane da yawa saboda tsintar zangarniya a gonar haɗaka. Don haka girman manomi a hoto shi kaɗai ba ya nuna an mutunta shi.

Abin da ya sa wannan ya wuce gardamar masu gidan tarihi shi ne, yawancin masu yanke hukunci a kan taki da farashin hatsi da filaye ba su san ƙauye ba sai ta hoto. In hoton ya nuna manomi cikin wadar zuci, to babu gaggawar gyara komai. In ya nuna shi a galabaice, ba suna ba fuska, sai ya zama abin tausayi da za a kai wa tallafi, maimakon ɗan ƙasa da za a tambayi ra'ayinsa. Duka biyun sun yi wa mai doki daɗi, domin babu wanda ya tambayi yadda aka raba amfanin gonar.

Mu ba mu gaji al'adar zanen kyalle irin ta Turai ba, amma hotunan aikin karkara suna aljihunmu. A bayan takardar naira 10 mata Fulani biyu ne ɗauke da ƙwarya, tsaf da su, ba alamar tafiyar da suka sha kafin su iso kasuwa. A bayan naira 200 dalar buhuna ce da shanu da kayan gona, 'yan dakon da suka hau da buhunan a ka ba su samu shiga ba. Sai kuma hoton da kowace damina ke kawowa, na ƙaddamar da rabon taki: babban mutum a tsakiya cikin babbar riga, hannunsa a kan buhu, wani dattijo ya ɗan rusuna yana karɓa. A ƙasan hoton za a rubuta sunan mai girma da muƙaminsa cikakke har da lambobin yabo, sannan a ƙara da cewa, tare da wasu manoma.